Ja a Hagu, Kore a Dama

Shekarar da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare, Baba ya tura ni Paraku in yi karatun kimiyya a jami'a. Mu mutanen Jugu ne. Kakannin kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su garin suka zauna, har yau kuma Hausa muke yi a cikin gida, Dendi a kasuwa, Faransanci a makaranta. Baba yana da shagon kayan gini, siminti da kwano da ƙusa, kuma tun ina ƙarami kowa ya san ni zan gaje shi. Karatun jami'a a wurinsa ƙarin ado ne kawai.

Na sauka a unguwar Albarika wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, mai sayar da atamfa a kasuwar Arzeke. Ran Asabar nakan je in taya ta, amma ba ta daɗe ba ta sallame ni, don in ta ce in miƙo wannan turmi sai in miƙo wancan.

"Kai ba ka da idon atamfa," in ji ta. "Je ka yi bokonka."

Gida uku tsakaninmu da wani dattijo da unguwa ke kira Kumandan. Gyaran fanka da agogo yake yi a zaurensa. Wata rana fankar ɗakina ta tsaya na kai masa. Yana kwance ta, ni kuma idona na kan wani abu mai kama da agogo a kan kanta, baƙar fuska, hannu uku, amma lambobinsa daga sifili zuwa tara suka tsaya.

"Baba, wannan wane irin agogo ne?"

"Ba lokaci yake faɗa ba," ya ce, bai ko ɗago ba. "Nisanka da ƙasa yake faɗa. Shi ma ba ƙasar yake gani ba, nauyin iskar da ke kanka yake aunawa. In ka yi sama iska ta yi sauƙi, sai hannun ya motsa."

Na ce ai nauyin iska yana canzawa ko mutum bai motsa ba, an koya mana. Sai a lokacin ya ajiye sukudireba ya dube ni.

"Shi ya sa kafin ka tashi sai ka tambayi nauyin iskar ranar ka saita shi. Wanda ya manta, agogonsa zai ce yana sama da dutse alhali dutsen yana gabansa. Ɗan wane ne kai?"

Ashe shekara ashirin da wani abu ya yi yana tuƙa ƙananan jiragen sama a ƙasashen maƙwabta, yana kai wasiƙu da likitoci da injiniyoyi garuruwan da mota ba ta isa da damina. Hawan jini ya raba shi da aikin, ya dawo gida. Duk Lahadi da hantsi yana koyar da abin da ake fara koya wa matuƙi kafin a bar shi ya taɓa jirgi. Ba ya karɓar komai. Lokacin da na shiga mu biyar ne: malamin sakandare, ɗan jandarma, wasu ƴan'uwa biyu masu shagon waya, sai ni.

Darasin farko, ya yanko ganyen ayaba ya riƙe gaban fanka. Abu huɗu ne, in ji shi, suke kokawa a kan jirgi: nauyi yana jan sa ƙasa, fiffike yana ɗaga shi, farfela tana jan sa gaba, iska tana riƙe shi baya. Ya ɗan karkata ganyen, ganyen ya yi sama. Ya ƙara karkatawa, ya ƙara yin sama. Da ya karkata shi fiye da kima, sai ganyen ya kama rawa ya faɗo.

"Kun gani? Injin yana aiki, fanka ba ta tsaya ba, amma iska ta saki fiffike. In haka ta same ka, jikinka duka zai ce ka ja sandar tuƙi ka ɗaga hancin jirgi. Kada ka saurare shi. Tura hancin ƙasa, iska ta sake kamawa. Mutane da yawa sun mutu suna ja."

Na koma gida na kasa cin tuwo da kyau. Ban taɓa jin ilimi ya shiga jikina haka ba.

Shekara biyu na yi a zauren nan. Na koyi cewa jirgi iska yake fuskanta ya tashi, ita yake fuskanta ya sauka. Na koyi cewa lambar da ke rubuce a bakin titin jirgi daga kamfas aka ɗauko ta. Na koyi cewa da zafin azahar iska takan yi shara-shara, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Da damina Kumandan kan fitar da mu ƙofar gida ya nuna gajimare da sandarsa, mu faɗi sunansa da abin da ke cikinsa. Wanda ya fi tsoro shi ne hadarin nan mai tsayi wanda kansa ya baje kamar maƙera. "Wannan ba a shigarsa, ba a bi ta ƙarƙashinsa, ba a yi masa wayo. Zagaya shi ko ka koma inda ka fito." Ya sa mu haddace jerin abubuwan dubawa kafin tashi, kuma ya hana mu dogara da haddar. Matuƙi karantawa yake yi daga takarda, yana taɓa kowane abu da yatsa, ko da ya yi sau dubu.

Ɗaya bayan ɗaya sauran suka zame. An yi wa ɗan jandarma canjin wurin aiki, ƴan'uwan nan kasuwa ta ɗauke su, malamin sakandare ya yi aure. Na rage ni kaɗai. Matar Kumandan, wadda nake kira Inna Hajiya, ta fara ajiye mini kunu ran Lahadi kamar ɗan gida. Su ba su da ɗa namiji, ƴarsu ɗaya tana aure a Kandi.

Akwai darasin fitilu. Kowane jirgi yana da ja a fiffiken hagu, kore a na dama, fari a wutsiya, don in ka hango shi a duhu ka san ko tahowa yake ko tafiya. In rediyo ya mutu, mutanen hasumiya da fitila suke magana da kai: kore tsayayye, sauka; ja tsayayye, ci gaba da zagayawa; ja mai ƙyaftawa, kada ka sauka a nan. Agogon gudu ma da launi aka raba shi, fari da kore da rawaya, sai jan layi wanda ba a ƙetarewa. Duk na haddace su a mako guda. Ranar da ya ajiye hoton agogon gudu a gabana ya ce in nuna inda kore ya ƙare rawaya ya fara, na faɗa masa lambar daidai, don na san ta da ka. Ya ce da yatsa yake so. Na ɗora yatsa a kan lambar. Ya daɗe yana kallona. Wata rana kuma ya ce in miƙo masa jan biro daga gwangwani, na miƙa masa, ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Zauren nan ba haske," ya mayar ya ɗauki wani da kansa. Ban kawo komai a raina ba.

A shekara ta biyu wani ƙaramin jirgi mai kujera huɗu ya sauka a filin Paraku da masu awon hanya. Matuƙin ya taɓa aiki a ƙarƙashin Kumandan. Da safe muka hau zemi, babur ɗin haya, muka tafi filin, Kumandan sanye da wata tsohuwar farar riga da ban taɓa gani a jikinsa ba. Shi takardarsa ta lafiya ta mutu tun tuni, ya tsaya a ƙasa. Ni aka sa a kujerar dama.

Minti ashirin ne. Na ga garin ya tattaru ya zama kamar tabarma, na ga inda layin dogo ya ƙare, na ga rumfunan Arzeke, na nemi ta Gwaggo ban gane ta ba. Da muka daidaita, mutumin ya ce, "À toi," wato in karɓa, ya ɗauke hannuwansa. Na riƙe. Jirgin yana da rai a tafin hannuna, ina ɗan motsawa yana amsawa. Na juya hagu a hankali, ina kallon bakin sama kamar yadda aka koya mini, tsayinmu bai ragu ba. Mutumin ya yi dariya ya ce wa ya koya mini. Da muka sauka Kumandan bai tambaye ni komai ba, ya kama wuyan hannuna ya riƙe har muka fita daga filin.

Ba a yi wata uku ba aka ji wani kamfanin jirage na wata ƙasa yana neman matasa zai horar da su, su yi masa aiki bayan sun gama. Jarrabawar rubutu a Kwatano, wanda ya ci sai gwajin lafiya. Sai a lokacin na je Jugu na gaya wa Baba gaskiya. Yana zaune a kan buhun siminti, ya saurare ni har na gama.

"Wato shekara biyu kana can kana koyon gudu daga shagona."

Kwana uku bai yi mini magana ba. Rana ta huɗu, bayan sallar la'asar, na ji shi a ƙofar masallaci yana ce wa liman, "Kakanninmu da jaki suka zo daga Gwanja, wannan kuma ta sama zai bi." Liman ya tara almajiransa manya aka yi mini addu'a. Kafin in bar gari, daga unguwarmu har tasha, ba mai kirana da sunana sai Piloti, wato matuƙin jirgi.

Na ci jarrabawar rubutu. Kumandan ne ya fara ganin sunana, ya zo har gidan Gwaggo da kansa. Amma na lura murnarsa ba ta kai tawa ba. Ya ce in ci abinci da kyau, in yi barci, sauran na Allah ne.

Likitar da ta duba ni a Kwatano mace ce mai fara'a. Zuciya lafiya, kunne lafiya, jini lafiya. Na karanta haruffan bango har layin ƙarshe, ta ce idona kamar na shaho. Sai ta buɗe wani ƙaramin littafi, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige. Shafin farko na ga lamba ɓaro-ɓaro na faɗa. Na biyu na faɗi wata lamba, ta ɗan tsaya. Na uku ban ga komai ba sai ɗige.

"Babu lamba a nan, Madam."

"Sake dubawa. Kada ka yi sauri."

Na duba har idona ya kawo ruwa. Ta buɗe na gaba, da na gaba. Ta daina fara'a. Ta kai ni wani ɗaki mai duhu, ta zaunar da ni, daga nesa aka riƙa kunna ƙananan fitilu bibbiyu, in faɗi launinsu. Na san ja a hagu yake, kore a dama, amma waɗannan ba a kan fiffike suke ba, ba abin da zai gaya mini. Na riƙa cewa ja, fari, kore, ina jin muryata kamar ta wani.

Da muka koma ofishinta ta yi mini bayani a hankali. Idona ba ya rarrabe ja da kore yadda na sauran mutane ke yi. Ba ciwo ba ne, haka aka haife ni, ba magani, ba tabarau. Yawanci ta wajen uwa ake gadonsa, maza yake kamawa. Ta ce mai yiwuwa a ba ni izinin tuƙa ƙaramin jirgi da rana kawai, don nishaɗi, in ina da hali. Amma takardar da kamfani ke nema, ba za ta iya sa mata hannu ba.

"Madam, na san dukkan fitilun. Tambaye ni."

"Na san ka sani," ta ce. "Je suis désolée, ka yi haƙuri."

A motar dawowa na zauna a bakin taga tun daga Kwatano har Paraku. Damina ta yi nisa. Wata mata a gefena ta ce wa mijinta ya dubi yadda jar hanya ta ratsa koren gona, gwanin kyau. Na duba. Na ga hanya, na ga gona, kusan launinsu ɗaya, kamar yadda na saba gani tun da nake. Ashe ranar da na tashi sama ma, abin da mutumin nan ya gani daban, abin da na gani daban.

Ban sauka gidan Gwaggo ba, zauren Kumandan na nufa da jakata. Yana ganina ya kashe fankar da yake gwadawa.

"Fitilu ne?" ya ce.

Ban ce masa fitilu ba ne. Ban ce masa komai ba tukuna. Na tsaya a bakin ƙofa, abin ya riƙa dawo mini, hoton agogon gudu, biron nan.

"Baba, kun sani."

"Na yi zato."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Kafin azumi."

"Shekara guda. Kuka bar ni na je na gaya wa mahaifina. Kuka bar garinmu duka ya sa mini suna."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya sake sawa. Ya ce ya yi ta gaya wa kansa wataƙila kaɗan ne, wasu suna faɗuwa a littafi su ci fitila. Ya ce sau biyu ya yi niyyar kai ni asibitin ido, ranar ta zo ya fasa.

"Don me?"

"Da ka sani, da ba ka dawo ran Lahadi ba," ya ce. "Ɗana, kai kaɗai ka rage mini."

Ni da aka yi wa tarbiyya ba a ɗaga wa babba murya, ranar na ɗaga. Na ce masa shi ya koya mini cewa matuƙin da ya ga alamar matsala a ƙasa ya yi shiru, shi ya kashe fasinjansa. Inna Hajiya ta leƙo daga cikin gida tana cewa, "Haba ɗan nan, haba." Na ɗauki jakata na fita.

Jami'ar ma ban ƙarasa ba. Na zauna a aji mako biyu ban fahimci abin da nake yi a wurin ba, na tattara na koma Jugu. Baba bai yi faɗa ba, bai ce ai na gaya maka ba. Ya miƙo mini makullin sito kawai. Da ma ya yi faɗan, da ya fi mini sauƙi. Sunan kuwa bai bar ni ba. Masu ɗaukar kaya, direbobin da ke kai siminti ƙauyukan Seru, har matan unguwa, Piloti kawo kwano goma, Piloti ina kwana. Ba da mugunta suke yi ba, yawancinsu sun ma manta dalilin sunan.

Babban kuskuren da na yi a lokacin, Inna mahaifiyata ce ta tsare ni a madafa ta ce in gaya mata ainihin abin da likita ta ce, ni kuma na faɗa mata duka, har da maganar gado. Ta ajiye muciya. Mahaifinta maɗinki ne, mai aikin wuyan riga, na same shi da rai ina ƙarami.

"Shi ya sa," ta ce. "Kullum sai ya kira kakarka ta zaɓar masa zare. Muna cewa so ne."

Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Na ce mata ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya tsara. Ta ce ta sani. Amma daga ranar ta daina kallona a ido in ana maganar karatu, kuma duk lokacin da ta zubo mini abinci sai ta ƙara nama fiye da na kowa, kamar mai ba da haƙuri. Har yau haka take yi, na kasa hana ta.

Shekara uku ban taka Albarika ba. In kaya ya kai ni Paraku, a tasha nake gamawa in juyo. Gwaggo takan ce Kumandan yana gaishe ni, in ce ina amsawa. Ta ce ya daina darasin Lahadi, ba mai zuwa. Na yi aure a cikin shekarun nan, ban aika masa goro ba.

Wata Talata da hantsi Gwaggo ta kira ni a waya ta ce ɓarin jikinsa ya shanye, an dawo da shi daga asibiti, bakinsa ya karkace amma ana gane maganarsa, kuma ya ambace ni. Na ce zan zo. Ranar motar siminti ta iso, na ce sai an sauke. Washegari aka yi ruwa. Ran Alhamis ta sake kira, na ce Juma'a bayan masallaci. Gaskiya ba siminti ba ne ba kuma ruwa ba. Ban san me zan ce masa ba. In na ce na yafe, ban tabbata na yafe ba, in kuma na je ban faɗa ba, gara ban je ba. Daga Jugu zuwa Paraku tafiyar awa biyu ce da ƴan mintuna.

Ran Juma'a da asuba ya rasu. Ko da na isa an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na zauna cikin masu gaisuwa, aka yi addu'a, na shafa. An kwashe fankokin mutane an jera a bakin zaure, kowa ya zo ya ɗauki tasa, wasu a kwance, ba a gama gyarawa ba.

Da mutane suka ragu aka shigar da ni wurin Inna Hajiya. Ta rame ƙwarai. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta tambayi Baba da Inna da amarya. Na ce mata ban sami zuwa da wuri ba. Ta ce ba komai.

"Ya bar mini wata magana?" na tambaya.

Ta ci gaba da jan carbi.

"Ran Talata ya tambaya ko ka iso. Ran Laraba ya sake tambaya. Ran Alhamis bai tambaya ba."

Na jira ko akwai saura. Babu. Ƴarta ta kawo mini ruwa a kofi na sha. Wasu mata suka yi sallama, na tashi na ba su wuri.

Gwaggo ta ce in kwana, na ce akwai kaya a sito ba wanda zai karɓa. Na hau zemi zuwa tasha, na sami mota saura mutum ɗaya, muka kama hanyar Jugu kafin la'asar.